Rabin Juyi

A Kajaani, a watan da rana ke leƙowa kamar mai gudun bashi,
ta koma kafin a ce mata sannu da zuwa,
Aapo ya shigo da tsohuwar tasin babana gareji,
ƙanƙarar ƙarƙashinta na narkewa, tana ɗiga a siminti.

Kilomita dubu ɗari shida da arba'in.
Kujerar direba ta lotsa daidai ƙugun mutumin
da muka binne shekara huɗu ke nan.
Na murɗa makulli, na jira fitilar ɗumi ta mutu.
Tari ɗaya, tari biyu,
sai ya kama, da wannan ƙarar tasa ta dizal
kamar ana juye tsakuwa a bokiti.

Aapo ɗan ƙanena ne, shekararsa goma sha tara.
"Gwaggo Saimi, ƙarfen nan barci yake yi.
Doki ɗari da talatin? Akwai ɗari uku a ɗaure a cikinsa.
Mu sa babban tobo, mu buɗe famfon mai,
mu faɗaɗa masa maƙogwaro ya shaƙi iska."

Ban ce a'a ba. Na ce awo tukuna.
Muka gwada numfashin silinda shida ɗaya bayan ɗaya.
Biyar suka amsa da murya guda,
ta huɗu ta ɗan yi ƙasa, kamar mai rowar gaisuwa,
amma ta amsa.
Na murza baƙin mai tsakanin yatsu a ƙarƙashin fitila,
babu ƙyallin ƙarfe ko ƙwaya.
A aljihun ƙofa muka tsinci littafin tsoho,
rubutun fensir, kowane juyen mai da ranarsa,
har da ranar aurena, da ya iso coci a makare
hannunsa na warin gas.

Mako uku muna kwana da sifana.
Kofi ya huce sau ba adadi a kan boneti.
Noti guda ne a jikin famfo, ɗan ƙarami,
Aapo ya ba shi juyi biyu.
Na ce ɗaya da rabi ya isa.
Ya yi dariya, ya ce tsufa ne ke magana.

Hanyar Sotkamo, asubahin Lahadi, ba kowa.
Giya ta biyu ta manna ni da kujera,
baƙin hayaƙi ya shimfiɗa a kan farar ƙasa
har itatuwa suka ɓace a madubi.
Ba zan ɓoye ba, na yi ihu,
ni mai shekara hamsin da takwas.
A giya ta uku muka ji ƙauri.
Allura ta haye sama, mota ta ƙi bin ta,
muka gangara gefen titi a hankali.

Kuloci ya ƙone ƙurmus.
Injin kuwa yana nan yana ƙaƙaf-ƙaƙaf abinsa,
ko zafi bai ɗauka ba,
kamar yana tambaya ko mun gama wasan.
Rauno maƙwabcinmu ya ja mu gida da tarakta,
bai ce uffan ba, shi ya fi ciwo.

Garaje ba ƙarfi ba ne, na so in faɗa,
sai na ga yaron a durƙushe yana ƙirga kuɗin kuloci
daga abin da ya tara na aikin katako.
Na haɗiye maganata, na miƙa masa sifana.
Shi da kansa ya mayar da notin baya rabin juyi.

Jiya sanyi ya kai talatin da ɗaya ƙasa da sifiri.
Sabuwar motar likitan unguwa ta ƙi tashi.
Tamu ta yi tari biyu, Aapo ya kai shi asibiti,
ya dawo, ya ɗauki fensir,
ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashin rubutun kakansa.