Layi Dubu

A saman shagon taya, a Aboabo,
ɗakin da kwanonsa ke amsa ruwan Kumasi kamar ganga,
ni da Isaka muka yi wa baƙin allo kunne:
ka rubuta umarni, ya aikata.
Wannan bai ba mu wuya ba.
Abin da ya raba mu shi ne me zai tuna.

Ya ce, wanda ya faɗi magana sau goma
a rubuta masa sau ɗaya, ya isa.
Na ce a'a, maimaici ma labari ne.
Wanda ya buga umarni guda sau goma da ƙarfe biyun dare
ba umarni yake bayarwa ba, roƙo yake.
Ya yi dariya har koko ya zube masa a gwiwa.
Na ci wannan.

Ya ce a bari sai an rufe taga
sannan a sauke tarihi a faifai,
kamar ɗan kasuwar Kejetiya mai lissafi bayan magariba.
Ran Talata aka ɗauke wuta tun kafin la'asar.
Fanka ta tsaya, mu ma muka tsaya,
aikin yini ya bi iska.
Bai ce uffan ba. Washegari na tarar
kowane layi na shiga faifai kafin yatsa ya bar maɓalli.

Taga biyu fa, su ji maganar juna
ko kowace ta riƙe nata?
Wannan ba mu gama ba.

Biyu na bar masa.
Layin da ya fara da gurbi, ɗan fili kamar ƙwayar gero,
kada a ajiye shi, saboda kalmar sirri,
saboda ba duk abin da baki ya furta ne na littafi ba.
Sai iyaka. Layi dubu.
In sabo ya shigo ta ƙasa, tsoho ya fita ta sama.
Ya ce, rumbun da ba a ɗiba, gara ke gadonsa.

Cikin azumi ya hau motar Tamale.
Motar ba ta isa ba.

Kwana arba'in ban taɓa injinsa ba.
Da na kunna, na danna kibiyar sama,
sai ga shi yana tafiya da baya:
haruffan nan biyu da kullum yake juyawa,
fayil mai sunan 'yarsa Fusaina,
umarni guda sau bakwai a jere, biyu da kwata na dare.
Tsakanin tara da sha ɗaya na wata Laraba babu komai,
alhali yana nan, na ji ƙarar maɓallai.
Wa zan tambaya?

Na buga layi uku don duba aiki
kafin in tuna.
Uku nasa sun fita ta sama,
ban ko san me suka ce ba.

Iyakar lamba ce kawai, tana hannuna,
ina iya mai da ita dubu ɗari kafin mai wake da shinkafa ta ɗaure ganye.
Amma shi ya sa ta.

Yanzu duk abin da zan ce wa injin
babban yatsana ke riga ni:
gurbi,
sannan magana.