Tafintan Bradford

Shekara ashirin da biyu Ɗalhatu yana tsaye a kotun Bradford,
yana ɗauko magana daga bakin mai tsoro
ya miƙa wa alƙali ba tare da ta zube ba.
Yau na ɗaga cokali na ce, mene ne wannan?
Ya dube shi kamar baƙon da ya yi ɓatan kai.
Ya ce, abin nan.

Ba mantuwa ce ta fara zuwa ba.
Ya san hanyar gida, ya san lambar bas.
Kunya ce ta fara fita, ko sallama babu.
Ya tuntsire da dariya a zaman makokin Alhaji Mamuda,
ya cika aljihu da alewa a kanti, ya fice bai biya ba.
Ranar da mai ya ƙona mini hannu
ya ratse ni ya buɗe firiji.
Wata goma sha huɗu ina fushi.
Har akwati na haɗa.
Sai likita ya haska hoton ƙwaƙwalwa,
ya nuna goshi, ya nuna saman kunne,
inda nama ya janye kamar tafki a tsakiyar rani.
Na dawo na kwance kayana
ina neman gafarar wanda bai san an yi faɗa ba.

Turanci ya riga tafiya.
Hausa ta daure, ta yi ta zuba kaɗan-kaɗan
kamar gero daga buhun da ɓera ya huda.
Sunana ya faɗi wani wuri tsakanin falo da kicin.

Morag tana zuwa Talata da Juma'a,
takalmanta a hannu tun daga bakin ƙofa, ban taɓa roƙonta ba.
Ba ta zo da alkawarin warkewa ba.
Ta tambaya me yake so, na ce shayi mai sukari huɗu.
Ta ce a ba shi,
ta koya mini kaurara shi kamar kunu don kada ya shaƙe,
da yadda ake jiƙa leɓe da ɗan soso,
da juya shi kafin ƙashin baya ya ci fata.
Sannan ta ce, ke fa, Asabe, yaushe rabonki da barci?
Tambayar ta same ni a tsaye.
Na zauna a kan matakala na yi kukan shekara uku.

Akwai takardar da ta ajiye a tebur mako biyu:
idan zuciya ta tsaya, a danna ƙirji ko a bar shi?
Idan ya daina haɗiya, a zura roba?
Rumasa'u ta zo daga Leeds ta ce, Mama, yunwa za mu bar shi da ita?
Muka kai wa liman a Manningham.
Ya ce sallar da ya bari ba bashi ba ce, an ɗauke masa alƙalami,
kuma sauƙaƙa wa mai tafiya ba kora ba ce.
Na sa hannu. Biro ya yi nauyin taɓarya.

Daren Alhamis wata mata tana kwana a kujera kusa da shi,
ni in hau sama in yi awa shida
da laifi a ƙarƙashin matashi.

Yanzu ko abin nan ya ƙare.
Morag takan dube shi, ta dube ni.
In ya tattare gira, in ce ƙugu ne, a ƙara magani.
In ya murza bakin bargo, in ce a buɗe labule, yana son ganin ruwan sama.
In ya riƙe mini yatsa ya ƙi saki,
wannan ba na fassara shi.

Ban yi makarantar aikinka ba, Ɗalhatu.
Wataƙila ina kuskure rabi da rabi.
Amma ina tsaye inda ka saba tsayawa,
ina tallabe da abin da kake nufi,
ina tafiya a hankali
kada ya zube.