Fitilar da Na Rufe wa Ido

Ranar Talata ta fara,
'yar fitila mai ruwan ɗorawa,
haruffa uku cikin da'ira, ABS,
tana kallona daga goshin babur
kamar mai bin bashi da ba ya gaisuwa.

A da, in na tayar takan haska,
taya na juyawa sai ta mutu.
Yau ta ƙi.
Na kashe, na kunna, na daki tanki,
ta ƙi.
Sai na yanko baƙin salatef
na manna mata a ido.
Na ce ai birki yana ci.

Ni ne Telmo, mai kai magani
daga kantin Manteigas zuwa gidajen kan tudu,
inda hanya lauje ce bayan lauje
kuma hazo kan sauko ya kwanta a kwalta.
Tsohuwa Ermelinda na jiran allurar sukarinta,
ba ta san wata fitila ba.

Graciete, da ta gaji garejin ubanta,
ta ce, kawo shi ran Alhamis.
Na ce sai an yi albashi.
Ta kalle ni, ta goge hannu da tsumma,
ba ta ƙara ba.

Asabar aka yi yayyafi.
Ganyaye sun jiƙe sun manne a hanya.
Kwana ta tara, bayan gada,
na ji ƙararrawa kafin in gan su:
tumakin Abílio, sun cika titi,
da ƙaton karensa a tsakiya.

Na damƙi birki da yatsu huɗu.
Na jira abin da na saba,
wannan ɓari a cikin hannu,
kama, saki, kama, saki,
kamar zuciyar tsuntsu a tafi.
Shiru.
Tayar gaba ta cije,
duniya ta kwanta ta gefen hagu.

Na ji hular kwano tana karta dutse.
Na ga akwatin magani yana gangarawa shi kaɗai.
Wata tunkiya ta tsaya a kaina
tana tuƙa, ko a jikinta.

Abílio ya ɗaga ni, ya ƙirga min yatsu.
Kafaɗa ta goce, gwiwa ta saluɓe.
Allurar Ermelinda ba ta fashe ba,
shi ya kai mata, a ƙafa.

Bayan sati uku na tura babur gareji.
Graciete ta sa farce ta ɓare salatef,
ta manna shi a goshin hulata.
Sannan ta durƙusa gaban taya.
Ga zoben nan mai haƙora, ya cushe da laka.
Ga wayar sansa, siririya kamar igiyar takalmi,
ƙarfe ya goge ta har jan ciki ya fito.
Man birki kuwa ya koma kalar gahawa,
shekara huɗu ba a juye ba.

Ta ce, fitilar nan ba ta ce ba ka da birki ba.
Cewa ta yi: daga yau kai kaɗai ne,
babu mai sakar maka taya in ta cije.
Ɗan hakin da ka raina, Telmo.

Kuɗin gyaran bai kai na rigar da ta yage ba.

Ba ta ba ni makulli nan take ba.
Ta kai ni filin bayan kasuwa, ta watsa ruwa,
ta ce matsa a hankali, sannan ka ƙara,
kamar mai tatsar nono, ba mai ƙwace ba.
Sau ashirin, har hannu ya haddace.

Yanzu kullum da safe nakan tayar,
in gangara taku goma, ido a kanta,
sai ta mutu nake ɗaga kai.
Salatef ɗin yana nan a hulata,
gefensa ɗaya ya fara ɗagowa.
Ermelinda ta tambaye ni ko laya ce.
Na ce mata, kusan haka.