Danƙo Biyu

A rumfar Sewanu, bayan tashar kwalekwale,
inda warin fetur ke kokawa da warin gishiri,
bindigogin kifi huɗu ne rataye a ƙusa.
Idona ya tafi kan doguwar,
wadda in na tsayar da ita sai ta taɓa haɓata.

Sewanu ya yi dariya, haƙori ɗaya babu.
Ya ce, Bagudu, ina za ka da wannan sandar rake?
Ruwan Legas ba madubi ba ne.
In damina ta zauna kunu yake komawa,
ka miƙa hannu ba ka ganin farcenka.
Wanda bai hango kamu huɗu ba,
me zai yi da mashin da ke cin kamu goma?

Na yi shiru. Kakana Arzika ya faɗo mini a rai,
can Yawuri, tsaye a goshin jirgi,
hargi a dama, rana a ƙeya.
Bai taɓa tambayar kowa tsawon ƙota ba,
kafaɗarsa ce ma'auni.
Ni jikansa, mai gadin sito a Apapa,
ga ni ina awon ƙarfe da santimita.

Ya sauko da gajeruwar, saba'in da biyar,
fentinta ya ɗaye,
an naɗe mariƙinta da tsohon tif na keke.

Sai batun danƙo.
Ya zube su a faranti kamar hanjin rago:
baƙi guda, kaurin babban yatsa,
da sirara masu ruwan zuma.
Na ɗauki mai kaurin, ai namiji nake.
Ya ce, to, ɗana mu gani.
Na kafa gindin bindiga a ƙirji, na ja,
na ja har jijiyar wuyana ta yi magana.
Saura taƙi ɗaya waya ta faɗa gurbinta
hannuna ya ce shi ya tashi daga aiki.
Mai soya kifi a gefe ta kau da kai,
amma kafaɗunta sun tona mata asiri.

Ya ce, kan tudu ke nan fa, iska kyauta a hancinka.
Ina ga can, ƙafa ba ta taka komai,
igiyar ruwa na cilla ka ga duwatsun Takwa?
Ƙarfin da ya fi mashi karkatar da shi yake yi,
ya tafi yana rawa, kifi na kallo.
Ɗauki sirara biyu.
Ja ɗaya, huta, ja ɗaya.
In kana tsakanin duwatsu guda ta isa,
kada ka mai da tsinin mashinka lauje.

Ya lanƙwasa kowanne a gaban idona
yana neman tsaga, kamar mai duba faso a diddige.
Rana maƙiyiyarsu ce, in ji shi, fetur ma haka.
Ɗauraye su da ruwan famfo,
ka ba su inuwa kamar man shanu.

Na ƙirga masa albashin wata, ba dubu uku.
Ya ɗora mini ƙullin igiya gyara.

Ran Asabar na nutsa.
Kunun kuwa, kore, mai sanyi daga gwiwa.
Kunnuwana suka yi ƙara, na haɗiye yawu, suka yi shiru.
Wani jan kifi ya fito daga ƙarƙashin dutse,
ya tsaya kamu uku,
yana dubana kamar ɗan sanda mai neman takardun babur.
Na taɓa kunama.

Mashin ya aske saman ƙayarsa ya wuce.

Na taso ina tari, gishiri har ƙwaƙwalwa.
Jirgin kwantena na shiga gari, bai san da ni ba.
Da Arzika na nan da ya tofa yawu a ruwa
bai ce komai ba.
Na jawo igiya, na mai da mashi gidansa,
na kafa gindi a kan shatin da ya bar mini a ƙirji.
Na ja ɗaya.
Na huta.
Na ja ɗaya.