Sakin Layi na Ashirin da Bakwai

Ranar da na sa hannu, a hawa na tara a Ikoyi,
sanyin na'ura ya ƙage mini yatsu.
Aka ba ni shayi a kofi mai kunne
da biro mai nauyin wuƙar fawa.
Shafi goma sha tara. Na duba farashi,
na duba ranar biya, sauran na bar wa Allah.

Katan sittin na kilishi.
Ni da Haladu da yaran Tsalha, mako biyu a Agege
muna shanya, muna gadin hadari,
don ruwan Legas ba ya sallama.
Motar kamfani ta zo ta kwashe.
Wata huɗu shiru. A na biyar suka ce ya yi fumfuna,
ko yanki ɗaya ba su nuna mini ba.

Na ce sai kotu.
Barista Omolara ta juya takarda, ta ɗora farce
kan wani rubutu sitisiti kamar ƙwan kwarkwata:
"Baba, ƙofar kotu ka rufe ta tun ranar shayi.
Gun mai sasanci za ku, kuma ku za ku biya shi."

Sasanci? Ai na san sasanci.
Sarkin fawa kan benci, goro biyu,
a ji ta bakin kowa,
kafin la'asar an yi musafaha.

Wannan kuwa da awa ake hayar kunnensa.
Kuɗin buɗe fayil, kuɗin zaure,
kuɗin mai rubuta kukana.
Rabi nawa, rabi nasu, wai adalci ke nan:
an raba wa giwa da akuya dakon dutse daidai wa daida.
Ina bin miliyan biyu da dubu ɗari uku,
kuɗin zuwa tambaya miliyan biyu ba kaɗan.
Ɗaki a rufe, babu ɗan kallo,
in ya yanke ya yanku.

Barista ta ce kotun ma sai a shekara bakwai,
wannan wata shida an gama.
Na yarda. Jirgin sama ma ya fi danfo sauri.
Ban ce mutumin azzalumi ba ne,
ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Kuɗin ganinta ne ya fi ƙarfina.

A kan doguwar gada, cikin cunkoso,
na yi lissafi a bayan takardar har sau uku.
Ƙarƙashinmu wani masunci na jan taru,
babu wanda ya sa shi sa hannu.
Na kira Haladu na ce a yi haƙuri da kuɗin wata,
ya yi shiru, na ji kukan jaririyarsa.

Jiya takardar naɗi ta ƙare a teburina.
Na yago shafi na goma sha bakwai
na ƙunshe wa wani ɗan acaɓa kilishin dubu ɗaya.
Mai ya ratsa takardar,
sai ga ƙananan haruffan nan sun fito raɗau,
har daga baya ana iya karanta su.