Ramin Marmara a Bayan Kufena

Tanimu Dogo ya fara sa diga a nan,
shekarar da gero ya ƙi.
Jaki biyu da tsohuwar mangala,
rabin katangun unguwarmu daga nan suka fito.

Bashi ya ci shi,
ramin ya koma hannun Barau mai tifa,
wanda bai taɓa sauka ciki ba,
daga baki yake ƙirga kwanduna.
Ranar wata Laraba gefen gabas ya rufta da Ɗanlami.
Alhamis aka ci gaba da haƙa.

Yau magada bakwai na jelen kotu,
ruwa kuwa ya riga su shiga.
Jikan Tanimu na kama tarwaɗa a ciki,
jikan Barau na taya ta, yana neman ragi.