Ƙaramar Jif Don Turai

Asabar uku ina zarya Ƙofar Ƙaura,
kuɗin adashi a aljihun ciki.
Dillali ya shafa ja: "Wata Hajiya ce ta hau."
Duk motar filin nan Hajiya ce ta hau.

Nomau makanike ya kwanta ƙarƙashinta,
ya fito da baƙin mai a yatsa,
ya shinshina, ya yi gaba.

Can kusurwa, wata ruwan toka,
fenti ya koɗe, madubi ɗaure da waya.
Ya tayar, ya kara kunne kamar ungozoma.
"Wannan ba ta ƙarya."

Ba kyau na zo saye ba.
Turai ke fita da sassafe,
littattafan 'yan aji huɗu a baya,
hanyar ƙauyen da damina ke ci.
Ina son birki mai jin magana,
injin da ba zai kunyata ta da magariba ba.

Na miƙa makulli.
Ta zagaya, ta taɓa wayar madubin.
Na ce aibinta ke nan, ba ta ɓoye ba.
"To, ta fi ka," in ji ta,
ta ja kujera gaba.